Fayil ɗin da Na Ɓoye a Kwamfutar Kamfani

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa na yafe kuma na manta. Wannan da zan ba ku labari kuwa ban manta ba, ba kuma zan manta ba har ƙasa ta rufe ni, maganar yafiya ma har yau muna ja-in-ja da zuciyata a kanta. Shekaru sun wuce, amma duk ranar da na tuna ɗakin taron nan da fankarsa mai ƙara, sai in ji kamar ɗazu abin ya faru.

Ni makaho ne, ƙyanda ce ta tafi da idanuna ina ɗan shekara shida. Na yi karatu daidai gwargwado, na kuma samu aiki a wani kamfanin robobi a unguwar masana'antu ta Sharaɗa, masu yin bokitai da butoci da kujeru. Aikina amsa wayar diloli ne. Wanda yake son kaya ya kira, in rubuta abin da yake so a kwamfuta, in tura wa masu sito su loda masa. Shekara bakwai ina wannan aiki ba a taɓa cewa na aika wa mai buta bokiti ba.

Abin da nake aiki da shi wata na'ura ce da mu makafi muke kira allo. Siririya ce, tsawonta bai wuce kamu biyu ba, a samanta akwai 'yan ƙananan ƙusoshi masu tasowa su koma. Idan ka haɗa ta da kwamfuta ko tabilet, duk abin da yake rubuce sai ƙusoshin nan su tashi su zama rubutun makafi, wato birel, ka bi da yatsa ka karanta. A jikinta kuma akwai maɓallai shida da ake rubutu da su. In ka rubuta abu ka adana shi a matsayin fayil na birel, mai ido in ya buɗe ba zai ga haruffan da ya saba ba, ɗige-ɗige kawai zai gani jere layi-layi kamar an zubar da riɗi.

Mai ido ba zai taɓa gane abin da allon nan ya yi mana ba. Kafin zuwansa, makaho ba shi da sirri. Takardar asibiti, sai ka nemi mai karanta maka. Wasiƙa daga gida, sai ka nemi mai karanta maka, ya karanta da ƙarfi, ya ƙara da nasa sharhin. Ko waya mai magana ma, in ka manta abin kunne, duk wanda yake cikin motar haya ya ji saƙonka. Ranar da na fara karanta abu da yatsana a kwamfuta, shiru, ba wanda ya san me nake karantawa, ranar na ji ni ma na zama cikakken mutum.

Matata ita ma makauniya ce, malama ce a wata makarantar masu buƙata ta musamman. Allo ɗaya muke da shi, don tsadarsa ba ta wasa ba ce. Da rana yana wurina a ofis, da yamma in kawo mata ta haɗa da tabilet ɗinmu ta shirya darasinta. Saboda haka duk abin da yake cikin tabilet ɗin nan namu ne mu biyu, ba lungun da yatsanta ba ya shiga.

A lokacin shekararmu tara da aure, Allah bai ba mu haihuwa ba. Kun dai san mutanenmu, in aka rasa haihuwa ba a tambaya, mace ake dubawa. Ta sha gori a gidan suna, ta sha a gidan biki, har a wajen danginmu. Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, ba da mugunta ba, duk wata sai ta aiko da sassaƙe da saiwoyi a dafa a sha. Matata ta dafa ta sha, wani mai ɗaci, wani mai wari, wani ya kwantar da ita kwana biyu. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba.

Wata rana na ɗauki ƙafa ni kaɗai na je asibiti aka gwada ni. Na roƙi likita kada ya ba ni takarda, ya gaya mini da bakinsa. Ya gaya mini. Matsalar daga wajena take, kuma ba irin wadda magani yake yi wa aiki ba ce.

Na dawo gida da niyyar in gaya mata a ranar, bakina ya ƙi buɗuwa. Washegari ma haka. Sai na ce bari in rubuta mata, tunda dama da wasiƙun birel na nemi aurenta, kuma abin da harshena ya kasa yatsuna sukan iya. To a ina zan rubuta? Tabilet ba wurin ɓoyo ba ne. Sai na ga ai ba wurin da ya fi kwamfutar ofis, inda mutum fiye da ɗari suke kai da kawo amma ba mai iya karanta ɗigo ɗaya. Kullum bayan sallar azahar, mutane suna wajen mai shinkafa da wake a bakin get, ni ina zaune ina rubutu ina gogewa. Sati uku ina abu ɗaya. Wannan wautata ce, kuma ban ɗora wa kowa ita ba.

Ana cikin haka diloli suka fara guduwa. Yau a ji wannan ya koma wani kamfani a Challawa, gobe a ji wancan ya bi shi. Ni da nake amsa wayarsu na san dalili, don kullum sai sun zazzage mini: a yi musu alkawarin kaya Litinin, mota ba za ta iso ba sai Alhamis. Na faɗa ba sau ɗaya ba. Amma manya suka ce a'a, wani ne a cikin gida yake fitar da sunayen diloli da lambobinsu yana kai wa abokan hamayya. Aka bar jaki ana dukan taiki. Aka sa mai kula da kwamfutocin kamfani, wani sabon ɗauka mai ji da kansa, ya bi kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya ya bincika.

Ranar wata Laraba da hantsi aka ce ana kirana a ɗakin taro, in taho da allona. Ina shiga na ƙirga numfashi da motsin kujeru, mutum biyar: manaja, shugaban tsaro, mai kwamfuta, mai kula da ma'aikata, da wakilin ƙungiyarmu ta ma'aikata wanda aka ce ya zo ne ya tsaya mini. Har aka tashi ban ji ya ce uffan ba, ban da ƙarar goron da yake tauna.

Manaja ya ce, "Malam, zauna. An samu wasu abubuwa a kwamfutarka da ba mu gane ba."

Mai kwamfuta ya karɓe da sauri, murya har rawa take don murna. "Yallaɓai, fayil huɗu ne. Duk an rubuta su da wasu alamomi na ɓoye. Na saka ɗaya a intanet ko zai warware, sai ya fito da guntayen haruffa ba kai ba gindi. Irin wannan ba a yinsa sai da manufa."

Wallahi da farko dariya na yi. Na ce, "Yallaɓai, ai rubutun makafi ne. Shi nake aiki da shi a gabanku shekara bakwai. Guntayen da ya gani kuwa, mu muna taƙaita kalmomi ne don layin allon gajere ne, kowane makaho ya san wannan."

Shugaban tsaro ya ce, "Mu ba makafi ba ne."

Ka ji magana! Kamar wani abin alfahari ya faɗa. Mutum ya ga abin da bai sani ba, maimakon ya ce a koya masa, sai ya mayar da rashin saninsa hujja a kanka. Shekara bakwai allon nan yana kan teburina, suna wucewa suna taɓawa suna cewa "ikon Allah", ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambaye ni yadda yake aiki. Ranar da suka tashi tambaya kuma, da tuhuma suka zo.

Na haɗa allo da kwamfutar da suka kawo, na buɗe na farko na karanta musu, littafin fiƙihu ne, babin alwala. Na biyu littafin labari ne da nake ragewa da shi in waya ta yi shiru. Na uku jadawalin darasin matata ne da na taya ta gyarawa. Ina karantawa ina jin kujeru suna motsi, an fara jin kunya. Na zare hannuna daga allo na ce shi ke nan.

Mai kwamfuta ya ce, "Saura na huɗu, Yallaɓai. Shi ne ma abin dubawa. Sati uku ke nan kullum sai an taɓa shi, kuma kullum lokacin da ba kowa a ofis. Daidai lokacin da diloli suka fara tafiya."

Na ce, "Yallaɓai, wannan na gidana ne. Ba sunan dila ko ɗaya a ciki, na rantse da Allah. Tsakanina da iyalina ne."

"To me ya kawo shi kwamfutar kamfani?" in ji shugaban tsaro.

"Kuskure na yi, na yarda. A hukunta ni a kan wannan. Amma kada a sa ni in karanta."

Na roƙi manaja a fitar da kowa in karanta masa shi kaɗai. Na ji kamar zai yarda, sai shugaban tsaro ya ce ai kwamiti aka kafa, in mutum ɗaya ya ji ba shaida ba ce. Manaja ya ce haka ne. Dattijo da furfurarsa, an ce mini har gemu gare shi, amma ya kasa cewa a'a ga na ƙasa da shi.

Ba zan ɓoye muku ba, shaiɗan ya raya mini in ɗora yatsa in yi ta zuba abin da na ga dama. Wa zai gane? In ce lissafin cefane ne ko addu'o'i. Kamar ya shiga zuciyata, sai mai kwamfuta ya ce, "Yallaɓai, ko ya karanta ma ba mu da tabbas. Gara a kwafe shi a kai makarantar nan ta makafi, malamansu su karanta mana a rubuce."

Makarantar da yake nufi ita ce inda matata take koyarwa. Malaman da suka iya birel sosai a wurin ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma ita ce ake miƙa wa irin wannan aiki. Na hango ta zaune a ɗakin malamai, an miƙa mata fayil daga kamfanin mijinta, ta ɗora yatsa ta ji sunan da nake kiranta da shi a layin farko, abokan aikinta suna jira ta fassara. In kuma na ƙi gaba ɗaya, kora ce da sunan ɓarawon sirri, har da zancen 'yan sanda shugaban tsaro ya yi. Makaho da aka kora da wannan suna, wane kamfani ne zai sake buɗe masa ƙofa daga Sharaɗa har Bompai? Gaba kura, baya siyaki.

Na ce, "Zan karanta. Amma ku biyar ɗin nan, amana ce na ba ku. Matata ba ta ji wannan magana ba tukuna. Don girman Allah kada ta fita daga ɗakin nan."

Duk suka ce, "Haba Malam, ai mu ba yara ba ne." Har mai goro ya yi gyaran murya alamar ya yarda.

Na ɗora yatsuna. Ban taɓa jin ƙusoshin allon nan da kaifi ba sai ranar. Na karanta musu yadda na je asibiti, da abin da likita ya ce. Na karanta inda na ce mata duk gorin da ta sha nawa ne ta ɗaukar mini. Na karanta inda na ce in tana son ta tafi ta samu 'ya'ya a wani gidan ba zan riƙe ta ba, ko da yake ban san yadda zan yi in rayu ba. Kalmomin da na kwashe sati uku ina zaɓa saboda kunne ɗaya, na zube su a gaban ƙarti biyar da fanka tana ƙara. Da na tsaya, sai shugaban tsaro ya ce, "Ƙarasa, akwai saura?" Na ƙarasa.

Can manaja ya ce, "Ka yi haƙuri, Malam. Aiki ne ya jawo. Ka koma bakin aikinka, ba ka da laifi."

Aiki ne ya jawo! An tuɓe mutum tsirara a kasuwa, an ce masa ya yi haƙuri, an ga ba ya ɗauke da kayan sata. Mai kwamfuta ko haƙurin bai bayar ba, na ji shi yana naɗe wayoyinsa yana ce wa manaja ya kamata a hana ajiye irin waɗannan fayiloli nan gaba.

Na nemi izinin tafiya gida, aka ce ba mai zama a kan waya, in bari a tashi. Ni kuma da wautata ta biyu na zauna, wai na ba da amana. Na yi ta amsa waya, bokiti dozin kaza, buta dozin kaza, zuciyata tana gida. Na ƙudura ina isa zan gaya mata da bakina, ba sauran wasiƙa.

Ƙarfe biyar jiniyar tashi ta kaɗa. Ina fita get, sai tsohon maigadinmu, wani mutumin Nijar mai kirki da kullum yake tsayar mini da adaidaita, ya kama hannuna ya ja ni gefe. Ya rage murya ya ce, "Malam, kada ka sa damuwa. Can garinmu akwai wani mai magani, maza da yawa masu irin lalurarka sun je sun dace. In ka shirya ni zan kai ka."

Na ce, "Baba, wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Ai tun azahar ake zancen a wajen mai abinci. Kowa tausayinka yake ji."

Tun azahar! Ko awa biyu amanar ba ta yi ba. Ban ga laifin tsohon ba, shi da zuciya ɗaya ya yi. Amma waɗancan biyar, har yau ban san wanne ne ya fara buɗe baki ba, shi ya sa na raba musu fushina daidai wa daida, ba wanda na rage wa. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, su nasu ko tuwon ma ban tabbata yana riƙewa ba.

Na faɗa adaidaita na ce ya yi sauri. Ina sauri! Tireloli sun cushe hanya, wata ta juya za ta shiga sito ta tare titi gaba ɗaya. Ina zaune cikin hayaƙi da hon ina kiran wayar matata, tana shiga ba a ɗauka. Kuma na san rabin unguwarmu ma'aikatan kamfanonin nan ne, direban motar kayanmu ma katanga ɗaya ce tsakaninmu da shi.

Na isa gab da magariba. Ina yin sallama na san an riga ni, don ba ƙamshin girki, rediyo kuma a kashe. Ta amsa daga tsakar gida, muryarta a daidai, kuma wannan daidai ɗin ya fi kuka tayar mini da hankali.

Ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Matar direba ta shigo ɗazu. Barka ta zo yi mini, wai Allah Ya wanke ni."

Na durƙusa a gabanta na fara bayani, kwamiti, kora, makarantarsu. Ta bar ni na gama. Na ciro allo daga jaka na ɗora mata a cinya, na ce, "Na turo wasiƙar cikin tabilet. Taki ce, don ke na rubuta. Ki karanta ki ji yadda na so in faɗa miki."

Ta ce, "Su nawa ne a ɗakin?"

Na ce, "Biyar."

Ta ɗauke allon daga cinyarta ta mayar mini a hannu. "To ba tawa ba ce. Abin da maza biyar suka riga ni ji, matar direba ta ƙarasa mini, me ya rage da zan karanta?" Sannan ta ce, "Rashin haihuwa daga Allah ne, Malam, ko a kanka yake ko a kaina, ba inda za ni. Amma sati uku ka sani. A cikin sati ukun nan kullum da safe ina dafa sassaƙen da Inna ta aiko. Kana zaune kana jin warinsa, kana jina ina yunƙurin amai a bayan ɗaki, ka ɗauki allo ka tafi ofis kana gyara kalmomi."

Na mayar da allon cikin jaka.

Muna tare har yanzu, alhamdu lillahi. Wasiƙar kuwa ba ta taɓa ɗora yatsa a kanta ba, daga baya ni da kaina na goge ta. Kamfanin na ƙara shekara biyu a cikinsa don dole, ina gaisawa da mutanen nan biyar da baki kawai. Diloli suka ci gaba da tafiya har sai da aka gyara motocin kai kaya, ba kuma wanda ya dawo ya ce mini ashe gaskiyarka.

Abin da na koya, na koye shi da tsada. In ka ga rubutun da ba ka iya karantawa ba, gazawar taka ce, ba shaidar laifin mai shi ba ce, kuma neman wanke mutum bai ba ka ikon tona cikinsa ba. Wannan nasu ne, kuma har gobe ina jin haushinsu. Nawa kuwa ya fi ciwo: maganar da take haƙƙin wani ce, ka kai masa ita da zafinta ko da bakinka zai yi rawa, ko da kalmomin ba su yi kyau ba. Na tsaya neman yadda zan faɗa mata da daɗi, har duniya ta faɗa mata yadda ta ga dama.